Lofen Malam Bitrus

Ku da kuke jujjuya lofen nan kuna cewa ai tukunya ce kawai da bututu, ko yaro ya iya, ku ajiye min shi a hankali tukuna. Ba na jin haushinku. Ni ma haka na ce ranar da aka kai ni wurin Baba Anaruwa, kuma na daɗe ina ɓata masa itace kafin na fitar da wanda mutum zai yarda ya sa a bakinsa. Sunana Mati. A kasuwannin Funtuwa da Malumfashi da Kafur da Dayi, Mati Mai Lofe ake ce min, tun kafin a koma kashe naira har lokacin da masu kiran sunan suka ƙare.

Ƙafa ce ta kai ni sana'ar. Shan inna ta taɓa min ta hagu tun ina ƙarami, ba na iya bin sa'o'ina a kunya. Mahaifina ya ga noma ba zai ci da ni ba, ya ce gara in koyi aikin zaune. Baba Anaruwa ƙanin kakana ne, Bamaguje, yana zaune shi kaɗai a bakin wani rafi gaba da Kafur. Danginsa duk sun watse, wasu sun musulunta irinmu, wasu sun bi Mishan. Shi ya rage da 'yar gonar tabarsa da awakinsa da rumfar aiki. Sai mu wuni bai ce min komai ba ban da "miƙo" da "ajiye".

Aikin farko da ya ba ni ba sassaƙa ba ne, neman itace ne. Ƙirya muke nema, don ita ce mai taurin da wuta ba ta saurin ci. Ba kuma kowace ƙirya ba, sai wadda ta mutu a tsaye, zuciyarta ja, ba ƙwaro. Mu saro, mu yayyanka gunduwa-gunduwa kamar dunƙulen hannu, mu shafe bakunan da kashin shanu, mu jibge a ƙarƙashin rumbu inda rana ba ta kaiwa. Sai shekara ta zagayo ake taɓa su. Ɗanyen itace yana da daɗin wuƙa, ya fito sumul gwanin sha'awa, amma wutar farko zai tsage a hannun mai shi, kai kuma sunanka ya tsage a kasuwa.

Kayan aikin jakar fata ɗaya ta ɗauke su. Ƙaramin gizago na fitar da siffa, wuƙa mai lanƙwasasshen baki ta ƙwaƙule tukunya, magagari, fasasshiyar kwalba ta kankarewa, da ƙarafan tsohuwar laima da muke gasawa su yi ja mu huda bututu. Man kaɗe na gogewa. Ƙahon sa daga wurin mahauta, shi ne bakin da ake cizawa. Bayan yaƙin basasa kwanson harsashi ya yi yawa a hannun tsofaffin sojoji, shi muke yankawa mu yi zoben da ke riƙe mahaɗar tukunya da bututu.

Duk wahalar sana'ar a rami ɗaya take, inda hujin bututu ke haɗuwa da gindin tukunya. In ya yi sama, tabar ƙasa ba ta ci, sai ta jiƙe ta yi ɗaci. In ya yi ƙasa, wuta ta huda gindin. Kuma ba ka ganin inda ƙarfen yake tafiya a cikin itace, da hannu kake ji. Idan na gama, Baba ba ya ko duban kyawun aikin. Rufe ido yake yi ya zuƙi iska. In ya ji fito, sai ya ce, "Sarewa ka yi," ya jefa a murhu. Ranar da ya zuƙa bai ji komai ba, bai yabe ni ba. Ya dai cusa taba a ciki ya kunna, ya zauna yana kallon rafi.

Akwai kuma na yumɓu. Mata masu ginin tukwane ke yi mana kawunan, su tsoma su da zafinsu a ruwan makuba su yi baƙi, mu kuma mu sa musu bututu. Fulani sun fi son waɗannan, masu dogon bututu. Tsofaffin mata kuma ƙanana suke so, wanda zai ɓuya a tafin hannu. Sai tsohuwa ta zo kamar mai neman kanwa, ta tafi da lofe ƙulle a bakin zane. Direbobi da tsofaffin sojoji su ne masu lofen Turawa, mai lanƙwasasshen wuya da bakin roba. In sun ciccije robar ta huje, in cire in sa musu ƙaho.

Tari ne ya kashe Baba Anaruwa. Na gaji jakar da sauran gunduwoyin ƙirya, na kama ɗaki a Funtuwa kusa da layin dogo, ina bin motocin kasuwa. A kowace kasuwa wurin zamana ɗaya ne: can ƙarshe, bayan mata masu garin taba da fure, kafin a kai turken jakuna. Ba ni na zaɓa ba, ciniki ne ya zaɓa. Mai sayen lofe ba ya son a gan shi. Zai tsaya yana kallon wani wuri, ya nuna da ƙafa, ya biya, ya wuce. Mutumin da na gyara wa lofe da hantsi, in muka haɗu a masallaci da azahar, sai ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Masu magi da masu atamfa suna da 'yan hira. Mai lofe ba shi da su.

Aikin da ya fi zauna min a rai, a kasuwar Malumfashi ya same ni. Wani dogon dattijo ne, da farar jamfa a goge da tabarau ɗaure da zare. Ya daɗe yana taya kanwar da ba saye zai yi ba, sannan ya matso ya tsuguna.

Ya ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Na ce, "Yauwa, sannu Malam."

Ya kwance hankici ya fito da lofe. Tukunyar ta yi baƙi ƙirin, bututun ya karye, zanzaro ya yi gini a ciki. Ina ɗauka na gane hannun Baba Anaruwa, don shi kaɗai ke barin wuya da kauri haka.

Dattijon ya ce, "Na mahaifina ne. Ranar da na karɓi baftisma na roƙe shi ya daina, bai daina ba. Da ya mutu na cusa shi a jinkar ɗaki. Jiya ina neman wani abu ya faɗo."

Na ce, "Gyaran ajiya za a yi, ko na sha?"

"Akwai bambanci ne?"

"Akwai. Na ajiya manne shi kawai zan yi."

Ya kai dubansa wajen jakuna. Can ya ce, "To, a yi na sha."

Sunansa Malam Bitrus. Malamin awon auduga ne da ya yi ritaya, kuma dattijo a majami'arsu a wani ƙauye kusa da Kafur. Matarsa ta rasu a daminar da ta wuce, 'ya'yansa suna Kaduna da Jos. Duk wannan a guntu-guntu na ji, cikin watanni. Ranar dai abin da ya ce kawai shi ne, "Gidan ya yi min yawa."

Na fasa ginin zanzaron da tsinke, na kankare tsohon ƙanzon da ke cikin tukunyar. Ƙanzo muke ce wa baƙin ɓawon da hayaƙi ke tarawa a jikin itacen, kamar na tukunyar tuwo. Ba a kankare shi duka, don shi ke kare itace daga wuta, amma wannan ya tsufa ya farfashe, sai da na kai har itace. Na huda sabon bututu, na sa bakin ƙaho da zobe, na shafa ɗan zuma a ciki da yatsa. Yana zaune a kan wani tsohon turmi da aka kifa a gefena, yana bin hannuna da ido.

Na ce, "Malam, ka taɓa sha?"

Ya ce, "Ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba."

"To a shekarunka, da ka bari."

"Shawara kake sayarwa ko taba?"

Sai na koya masa, yadda zan gaya muku yanzu, ba don ku sha ba, don ku san ba wasa ba ne. Na yanko ganye daga curin taba siriri-siriri, na murza a tafin hannu. Ganye in ya bushe ƙarau zai ci kamar yayi ya ƙona harshe, in ya yi danshi ba zai kama ba. Na ce kada ya cika tukunyar, tunda kamar sabuwa ta koma. Rabi-rabi zai riƙa zubawa har ta yi sabon ƙanzo. Na ce ya zuba na ƙasa sakwa-sakwa, na sama ya ɗan danna.

Ya ce, "Kamar auduga a buhu ke nan. In ka danne gindi tun farko, buhun ba ya cika daidai."

Na ce, "Ka ga ka riga ka iya rabi."

Na nuna masa kunnawa biyu: ta farko ganyen ya kumbura ya mutu, ka danna tokar da yatsa, ta biyu ita ce ta gaske. Na ce ba a haɗiye hayaƙin, kurɓa ake yi kamar kunu mai zafi, a bar shi a baki, a sake. In wutar ta mutu a sake kunnawa, ba abin kunya ba ne. In ya gama, kada ya buga tukunyar a dutse, a tafin hannu ake bugawa. Kada ya zare bututu da zafinsa, mahaɗar za ta saki. Ya bar shi ya huce, ya zura gashin kaza ya fitar da baƙin dattin nan mai ɗaci, ya jingine shi baki sama. Lofen da aka sha yau, a bar shi ya huta gobe.

Zuƙar farko ya haɗiye. Ya ƙware, hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau, matan taba suka kwashe da dariya. Na zaci zai yi fushi. Sai na ga shi ma yana dariya yana share ido da hankicin.

Kasuwa ta gaba ya dawo da ƙonannen harshe, ya ce ko kunu ba ya iya sha.

Na ce, "Ka yi sauri. In tukunya ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ajiyewa ake yi."

Ya ce, "Ni da ba ni da inda za ni, saurin me nake yi?"

Daga nan bai ƙara fashin kasuwar Malumfashi ba. Zai zo da hantsi ya miƙo lofen ya ce a wanke. In duba in ga tas yake, don ya fi duk masu saye a wurina kula da kaya, amma in zura gashin kaza in miƙa masa. Ya zauna a kan turmin ya cusa tabarsa. In na tafi sallar azahar shi ke tsare min kaya, har ya san inda kowane ƙarfe yake. Shi ne mutum na farko da ya zauna a wurina fuska a buɗe, kowa na gani.

Kuma an gani. Wata rana yana danna toka ya ce, "Sun sauke ni daga dattijon majami'a."

Na ce, "Saboda wannan?"

"Saboda shi. Sun yi daidai. Ni ma na sauke wasu a kan haka."

Ya sake kunna lofensa.

Mun yi shekaru a haka kafin tarin ya fara. Da farko da safe ne kawai, in ji shi. Daga baya sai ya riƙa ajiye lofen a tsakiyar sha ya dafe ƙirji. Na san irin tarin, na taɓa jin sa a bakin rafi. Na rage masa ƙarfin taba, ina haɗa masa da ganye mai laushi, ya gane ya ce in daina yi masa wayo.

Wata kasuwa bai zo ba, sai ga wata mata ta sauko daga bas ta nufo ni kai tsaye, ta ratsa ta cikin matan taba. Ta rusuna ta gaishe ni.

Ta ce, "Kai ne Malam Mati?"

Na ce, "Ni ne."

"Ni ce Saratu, 'yar Malam Bitrus. Ina aikin jinya a Kaduna."

Na gyara zama ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "An yi masa hoton ƙirji. Ba zan ɓoye maka ba, Malam, akwai tabo, kuma likita ya ce in bai bar hayaƙi ba abin ba zai ɗau lokaci ba. Na yi magana, yayana ya yi, fasto ya yi, bai ji ba. Ya ce duk duniya kai kaɗai ne ba ka gaya masa abin da zai yi. Shi ya sa na zo wurinka."

Na ce, "Ko na hana shi, ga masu taba nan birjik."

Ta ce, "Na sani. Amma daga hannunka yake karɓa."

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata to.

Da ya zo kasuwa ta gaba, ya zauna ya miƙo lofen ya ce a yanko masa ta mako.

Na ce, "Malam, taba ta ƙare."

Ya dubi curin da ke gabana. "Wannan fa?"

"Ba taka ba ce."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Saratu ta zo."

"Ta zo."

"Har da kai, Mati?"

Na ce, "Malam, ka zo ka zauna kullum, turmin naka ne. Amma ba zan ƙara yanka maka ba."

Ya naɗe lofen a hankici a hankali, ya tashi. Da ya so, matan taba na nan kusa da shi, amma ko duban su bai yi ba. Ya bi ta bayan jakuna ya fita kasuwar. Kasuwa ta zagayo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba.

Shekarar ce ruwa ya ɗauke dawa na da ciki. Ku ba ku ga wannan ba. Fadamun da ake dasa taba suka tsage, ganyen da aka samu bai fi tafin hannu ba, ga ɗaci. Wanda ke neman tiyar hatsi ba ya sayen lofe. Tsofaffin da ke saye a wurina suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya gaje su, don samari kara ɗaya na sigari suke saya a tebur su wuce. Masu wa'azi kuma sun samu lasifika, a kasuwa ma ba su bar mu ba. Matan taba suka ragu, wasu suka koma sayar da kuka da kuɓewa. Sai in shimfiɗa kaya tun hantsi har la'asar ba wanda ya ce min nawa. Wata rana na lura tun da na fito daga Funtuwa har na koma, ban yi magana da kowa ba sai karen mota. Don in ci abinci na fara sassaƙa ƙotar fartanya da muciya, aikin da Baba Anaruwa zai ce na masu gaggawa ne.

Cikin wannan hali na hau mota zuwa Kafur, na ƙarasa ƙauyensu da ƙafa, ina ɗingishi ina tambaya. Ban taɓa zuwa gidansa ba sai ranar. Gida ne mai rufin kwano da bishiyar lemo a tsakar gida, ƙofa da kwaɗo. Wata maƙwabciya da ke sussuka ta ce 'yarsa ta zo ta tafi da shi Kaduna tun tsakiyar damina, an raba awakinsa kiwo. Ta ba ni ruwa na sha, na juyo.

Bayan an gama ɗan girbin da aka samu, ina zaune a Malumfashi ina feƙe ƙota, sai na ga inuwa a kan tabarma. Shi ne, da sanda, jamfar ta yi masa yawa. Ya kakkaɓe turmin da hankici ya zauna, ya daɗe yana mayar da numfashi.

Na ce, "Malam, sannu da zuwa. Yaya jiki?"

Ya ce, "Jiki ga shi nan. A Kaduna an ba ni ɗaki da fanka da rediyo. Su fita aiki da safe su kulle ƙofa saboda ɓarayi, sai yamma. Na ce a mayar da ni inda in zan mutu, in mutu ƙofa a buɗe."

Ya ga ina satar kallon aljihunsa. Ya ce, "Ban zo sha ba. Na yi wa yarinyar alkawari, kuma ban taɓa saɓa alkawari ba. Miƙo min kwalbar can."

"Wace kwalba?"

"Ta kankarewa. Na gaji da kallo. Koya min."

A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ba wanda ya taɓa kawo min ɗansa koyo. Wa zai kai ɗansa sana'ar da ake ɓuya a saya? Mai koyo ɗaya na taɓa yi, shi ne wannan dattijo mai furfura, wanda likita ya hana shan abin da yake koyon yi.

Na fara ba shi kankara da gogewa. Kwalba ta yanke shi ba sau ɗaya ba, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Amma yana da ido, aikin awo ya bar masa wannan. Zai ɗaga tukunya ya ce gefen nan ya fi wancan kauri, in duba in ga haka ne. Da ya matsa min sai na ciro masa gunduwa daga sauran ƙiryar Baba, wadda ni kaina nake tattali. Ya yi makonni a kanta, kasuwa bayan kasuwa. Ranar huji na hura masa gawayi, ya gasa ƙarfen ya tura. Da ya huce na zuƙa, ya yi fito.

Ya ce, "Yaya maigidanka ke yi da irin wannan?"

Na ce, "Malam, ai ana iya toshewa a gyara."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce, "Wuta."

Ya karɓa ya jefa a kaskon gawayin da hannunsa. Ya ce a ba shi wata.

Na biyun ma wuta ta ci. Na ukun wuyansa ya karkace, tukunyar kamar wadda aka mara, amma na zuƙa na sake zuƙa, iska na wucewa shiru. Ya goge shi da man kaɗe har ya yi ƙyalli, ya ajiye a ƙarshen tabarma, nesa da nawa, wai kada ya ɓata min layi.

Ana nan sai ga wani tsohon Bafillace, cikin masu gangarawa kudu da sauran shanun da fari ya bar musu. Ya tsuguna ya ɗauki nawa ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani ya ajiye. Ya kai hannu kan karkataccen, ya riƙe, ya jujjuya, ya sa a baki ya zuƙa.

Ya ce, "Wannan ya zauna a hannu."

Malam Bitrus ya juya yana kallon jakuna kamar bai san zancen ba. Muka yi ciniki, mutumin ya sa lofen a aljihu ya miƙe. Ya ɗan yi nisa ke nan sai Malam ya kasa daurewa, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Kada ka cika shi ranar farko! Rabi-rabi, sai ya yi ƙanzo!"

Bafillacen, wanda haƙoransa suka nuna ya fi shekara arba'in yana sha, ya waiwayo ya ce, "To, Malam, na ji."

Da ya ɓace, Malam ya matso ya ce, "Ka ƙifta masa ido ne?"

Na ce, "Ban yi ba."

"Ka rantse."

"Malam, ai ku ba ku rantsuwa."

"Kai ai kana yi. Rantse."

Na ce, "Wallahi shi ya zaɓa."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na samo masa ruwa a wurin mai fura.

Ya fara na huɗu, bai kai ga huji ba. Da bazara, zafin nan na gab da faɗuwar ruwa, wata kasuwa bai zo ba. Direban da ke ɗauko shi daga Kafur ne ya leƙo da la'asar ya ce min dattijon nan abokin zamanka ya rasu, har an binne shi shekaranjiya. Ya ce maƙwabta ne suka same shi da safe a kujera a ƙarƙashin lemo. Ba wanda ya san ya kamata a aiko min, kuma ban ga laifinsu ba. A wurinsu ni ba dangi ba ne, ba ɗan majami'a ba.

Kasuwar da ta biyo baya Saratu ta zo, da baƙin ɗankwali. Ta rusuna, na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta ce gobe za ta koma Kaduna, ta ga bai kamata ta tafi ba ta biyo ba. Ta tsaya tana duban tabarmar da ƙotocin da kaskon gawayi.

Ta ce, "A ina yake zama?"

Na nuna mata turmin. Ta gyara zane ta zauna a kai.

Can ta ce, "Malam, ni a gida in na tambaye shi abu, kalma ɗaya yake ba ni. Amma ya bar Kaduna, ya bar jikokinsa, don ya dawo nan. Me kuke cewa duk tsawon yinin?"

Na yi tunani, don ina so in ba ta wani abu ta tafi da shi. Ban samu ba. Na ce, "Gaskiya ba mu cika cewa komai ba. Yana nan, ina nan."

Ta gyaɗa kai. Na zaci tashi za ta yi, sai na ga ta ajiye jakarta a ƙasa. Na ɗauki kwalba na ci gaba da kankare ƙota, ita kuma tana kallon jakuna, har karen motar Funtuwa ya fara kiran fasinjan ƙarshe. Ba wanda ya sayi lofe ranar.